Yadda nayi kwas ɗin koyar da lissafi kyauta a wayata

Ni dai Hausa da Soshiyal na karanta a NCE ɗina, amma duk wanda ya san firamaren gwamnati ya san ba ruwan jadawali da abin da ke rubuce a takardarka, inda aka ga giɓi nan ake cusa ka. Malamin lissafinmu yayi ritaya ba a turo wani ba, hedimasta (HM) ya kira ni ofis yace Malam ka ɗan riƙe mana aji huɗu da biyar kafin a kawo wani, to "kafin a kawo" ɗin nan har yau muna cikinta. Tarawa da ɗebewa da sau ba matsala, amma da muka iso firakshin da desimal sai na ga abin da nake yi kawai shi ne in kwafi misalin littafi a allo, su kwafa, in ce kun gane? suce eeee, in ba su aiki su faɗi warwas.

Bita kuma kun san yadda take. A shekara a kira ɗaya ko biyu, a ce kowace makaranta ta turo mutum biyu, kuma sunayen da ke tafiya kusan su ne dai kullum saboda akwai ɗan alawus da shinkafar rana. Ban ce kowa yayi laifi ba, kujerun ne ba yawa. Sannan tun abin da ya faru a Kaduna a 2017, da aka yi wa malaman firamare jarrabawa aka ce sama da 21,000 sun faɗi aka sallame su, duk malamin da ke da hankali a arewar nan ya san wata rana za a iya ajiye masa takarda a gabansa a ce bismillah. Wannan tsoron ma yana cikin abin da ya tura ni neman karatu a waya, ba wai tsabar son ilimi kaɗai ba, gsky ɗaya ce.

Farkon wahalar ita ce tantance na gaske da na bogi. A guruf ɗinmu na malamai a WhatsApp kusan kullum sai an jefo link, wai wata babbar ƙungiyar duniya za ta horar da malamai kyauta har da kwamfuta da dubu hamsin duk wata, ka cike fom, ka tura wa guruf biyar kafin ya buɗe. Duk wanda ya ce sai ka tura wa wasu kafin ka shiga, ko ya nemi BVN ko lambar katin ATM, rufe shi kawai. Sai kuma kashi na biyu waɗanda ba damfara bane amma kyautar tasu rabi ce, karatun kyauta, ka gama tsaf ka zo karɓar satifiket su ce kawo dala kaza. Akwai wani shafi da nayi wani ɗan gajeren kwas a kai na kula da aji, sai da na kai ƙarshe farashin ya fito, da na lissafa shi a naira ya kusa cinye kwatan albashina, na ce a kai kasuwa. To tun daga nan kafin in fara komai sai na gangara ƙasan shafi na duba maganar satifiket tukunna.

Wanda na tsaya a kai shi ne OpenLearn. Na jami'ar karatu daga gida ce ta Ingila, wato irin NOUN ɗinmu amma ita tasu tun 1969 aka kafa ta, shi kuma shafin na kyauta sun buɗe shi a 2006. Kwasa-kwasai ne birjik, ɗaruruwa, kuma takardar shaidar kammalawa ma kyauta ce, PDF ake baka. A ciki na samu wani na koyar da lissafi da aka rubuta takanas don malaman da ba lissafi suka karanta ba kuma suke koyar da yara 'yan shekara 8 zuwa 14, na ce to wannan ai da ni ake. An tsara shi awa 24, mako takwas, kusan awa uku kowane mako, amma ba mai bin ka da bulala, ba ranar farawa ba ranar rufewa, ni dai ya ɗauke ni fiye da zango guda saboda in makin jarrabawa ya zo ko aka shiga hidimar gona sai in ajiye.

Rajista ba wuya in kana da imel mai aiki, kuma nan ne da yawan abokan aikina suke maƙalewa, domin imel ɗin da ke wayarsu mai shagon waya ne ya buɗe musu ranar da suka saya, ba su san faswod ɗin ba, wasu ma ba su san adireshin ba. Ka fara gyara wannan. Ka rubuta imel da faswod a bayan littafin lesin fulan ɗinka ko wani wuri da ba zai ɓata ba. Sannan wurin suna ka sa sunanka daidai yadda yake a takardun aikinka, kar ka sa laƙabin da kake amfani da shi a Facebook, saboda abin da ka rubuta shi zai fito a takardar. Bayan ka buɗe akawun sai ka shiga kwas ɗin ka danna wurin shiga ajin, in baka danna ba, za ka iya karanta komai amma ba za a riƙa lissafa maka abin da ka karanta ba.

Sai maganar data, wadda ita ce ainihin kuɗin makarantar. Tun da aka amince wa kamfanonin waya ƙarin kashi 50 a farkon 2025 kowa ya ji a jikinsa, malamin da ke kan albashi na ƙasa-ƙasa ba zai zauna yana kallon bidiyo da rana tsaka ba. Dabarar da nayi ita ce, shafin yana bari ka sauke kwas ɗin gaba ɗaya a PDF ko Word, to sai na sauke shi da datar dare mai arha, in riƙa karantawa a waya ba tare da intanet ba, lokacin tara ko bayan la'asar a ƙofar gida. Bidiyoyin kuma kowanne akwai rubutun abin da aka faɗa a ƙasansa, sai in karanta rubutun, in na ga lallai sai an gani da ido sannan in kunna. Wannan ya taimake ni ta wani ɓangaren ma, don turancin mutanen Ingila in suna magana da sauri wlh rabi nake kamawa, amma a rubuce ina bi a hankali, kalmar da ta gagara in duba ƙamus ɗin waya. Sai dai fa karatun PDF ba ya shiga lissafinsu, dole sai ka koma shafin ka buɗe kowane shafi ɗaya bayan ɗaya kafin su yarda ka karanta, to haka nake yi, in na gama mako a PDF sai in zo da dare in bi shafukan ina dannawa, in yi kwiz ɗin. Wuta kuwa ba a magana, wayar tana kwana wurin mai caji fiye da yadda take kwana a ɗakina.

Abin da ya fara sauya min tunani ba wata sabuwar dabara bace, cewa aka yi ka tsaya ka kalli kuskuren yaro, don yawanci akwai hankali a cikinsa. Yaron da yace 0.25 ta fi 0.5 ba sakarci yayi ba, shekara huɗu ana koya masa 25 ta fi 5, to me zai hana. Wanda ya tara 1/2 da 1/3 ya samu 2/5 shi ma ƙa'idar da ya sani ya bi, na sama da na sama, na ƙasa da na ƙasa. Da ni jan biro kawai nake sa wa in rubuta gyara a allo, LCM kaza, a raba a ninka, su haddace zuwa Juma'a su manta ran Litinin.

Sai na ce bari in gwada. Na shiga aji biyar na rubuta 1/4 da 1/8 a allo manya-manya, na ce wanda yake ganin ta farko ta fi girma ya koma ɓangaren taga, wanda yake ganin ta biyu ce ya koma ɓangaren ƙofa. Ajin nan ya haura yara tamanin, kusan duk suka ɗunguma ƙofa har da monita, 'yan tsiraru suka rage a taga suna ta waige-waige kamar su ma su gudu. Ban ce wa kowa yayi daidai ko kuskure ba, wanda shi ne abu mafi wuya a wurina don bakin malami ƙaiƙayi yake. Na ce monita me yasa? Yace Malam takwas ai ta fi huɗu. Na ce to madalla. Na ɗauko karan dawa guda biyu masu tsawo ɗaya da na tsinto a hanya, na ba wani yaro ɗaya na ce raba wa mutum huɗu daidai wa daida, ɗayan na ba wata yarinya na ce raba wa mutum takwas. Suna cikin karyawa tun ba a gama ba sai naji wata daga baya, yarinyar da ke tallan gyaɗa in an tashi, wadda tunda na karɓi ajin ban taɓa jin muryarta ba, tace "Malam na mutum takwas ɗin ai ɗan mitsitsi ne, in mutane suka yi yawa rabo ƙanƙancewa yake." Shikenan ta gama darasin. Na ce ta fito ta maimaita wa aji, ta fito tana rufe fuska da hijabi ta faɗa, sai ga 'yan ƙofa suna sulalewa taga ɗaya bayan ɗaya.

Da nake ba malamin Arabiyyarmu labari a ƙarƙashin bishiyar da muke zama, sai yayi dariya yace Malam ai wannan a rabon gado yake, mace in mijinta ya rasu bai bar ɗa ba rubu'i take samu, in ya bar ɗa sai ta koma sumuni, kuma duk matar da ke garin nan ta san sumuni bai kai rubu'i ba ko da bata taɓa shiga aji ba. Washegari na kawo wannan misalin, manyan cikinsu da suka yi nisa a Islamiyya suka kama nan take. Wannan ba ya cikin kwas ɗin, mutanen Ingila ina za su san shi, su misalansu da fam ne da kayan aikin da mu ko a hoto ba mu da su. Abin da kwas ɗin yayi shi ne ya sa na daina fara darasi da ƙa'ida, sauran kuma a nan gida muka samo.

Kuma nan ne inda nake da ja da yawancin abin da ake samu kyauta a intanet. Ka kalli bidiyon koyarwa a YouTube ka ga yara ashirin da 'yan kai, kowa da kujerarsa da almakashi da takarda mai launi, malama tana zagayawa tana durƙusawa gaban kowane tebur. Ni in na ce zan zagaya sai na taka ƙafar wani, rabin ajin a ƙasa suke zaune. In ka ɗauko dabarar yadda take ka sauke a ajinmu hayaniya kawai za ka samu, HM ya leƙo yana tambaya lafiya. Wanda ya cike min wannan giɓin shi ne TESSA, shiri ne na horar da malaman Afirka kudu da Sahara da ita wannan jami'ar mai OpenLearn ta fara a 2005 tare da cibiyoyin horar da malamai na ƙasashen Afirka, har da NTI ta Kaduna. Kayan nasu na firamare sun kasu fanni biyar, karatu da rubutu, lissafi, kimiyya, soshiyal da zane-zane, da dabarun zaman rayuwa, akwai na turanci da faransanci da larabci da Swahili, wato 'yan uwanmu malaman Maraɗi da Damagaram ma ga nasu da faransanci. Yawanci rubutu ne mara nauyi, ba ya cin data, kuma misalan malamai ne masu aji irin namu. Akwai wani ɗan babi kan yadda za ka tafiyar da aji mai cunkoso, da wani kan yadda za ka yi aiki da abin da ke kewaye da kai in ba kayan aiki, waɗannan biyun na kai shago aka buga min su a takarda, suna cikin jakata.

Daga nan na ɗauko tsarin rukuni mai ɗorewa, maimakon kullum a ce ku kasu a ɓata minti goma ana jan benci. Na raba su rukuni-rukuni sau ɗaya, kowane rukuni da shugabansa da sunansa, na sa kowa ya kawo murfin lemo, cikin 'yan kwanaki muka tara rabin buhu, har sai da na ce ya isa haka don sun fara bin bola. Da murafen muke rabawa, da su muke firakshin na adadi, sulusin 12, kwatan 20. Ba kullum abin yake tafiya ba fa, ranar kasuwa kusan sulusin ajin ba sa zuwa, rukunin da shugabansa bai zo ba sai ya watse, kuma minti talatin da biyar ba ta isa a raba murafe a yi aiki a tattara, sau da yawa sai na ci lokacin mai shigowa bayana, ita kuma Malama ba ta ɗaukar wannan, tana tsaye a bakin ƙofa da allinta tana kallon agogo.

Komawa kan kwas ɗin, kowane mako akwai kwiz na gwaji, amma na mako na huɗu da na takwas su ne masu lissafi, sai ka ci kashi 50 ko fiye a kowanne kafin a baka bajo, wato alamar kammalawa ta intanet, da takarda. In baka kai ba ba a kore ka, ka jira awa 24 ka sake. Makon aljebra ya ban wuya sosai don rabona da x da y tun sakandare, sai da na nemi wani ɗan maƙwabcinmu da ke karanta lissafi a kwalejin ilimi ya zauna da ni a soro, yana ta jin nauyi wai shi zai koya wa Malam, na ce kai dai yi bayani. Shawarata kar ka yi kwiz mai lissafi lokacin da sabis ke rawa, ka bari sai dare ya raba ko bayan asuba. Da na gama sai saƙo ya shigo imel, na shiga akawun na sauke takardar, ga sunana ga sunan kwas ga awa 24 a jiki.

Na kai shagon kwamfuta aka buga min mai kala aka yi laminatin, na kai wa HM. Ya juya ta gaba da baya yace ikon Allah, daga Ingila? Na ce daga waya dai ranka ya daɗe. Yayi murna tsakani da Allah, har ya faɗa a taron malamai. Amma da na kai kwafi ofishin ilimi na ƙaramar hukumarmu don a sa a fayil, jami'in ya karɓa da mutunci yace Malam za mu ajiye, sai dai ka sani ƙarin girma da shekaru yake tafiya da kuma takardar makaranta irin digiri ko PGDE, difilomar koyarwa ta bayan digiri. Kuma gaskiyarsa, su kansu masu kwas ɗin sun rubuta ƙarara cewa takardar ba ta ɗauke da makin jami'a. Don haka duk wanda zai shiga don a ɗaga masa mataki ya san da wannan tun yanzu, kar ya ƙona datarsa ya zo yana zagina. Rajistar TRCN, hukumar yi wa malamai rajista, da lasisinta ma hanyarsu daban, wannan ba ya maye gurbinsu. Inda na ga takardar tayi amfani shi ne wurin neman koyarwar yamma a wata makarantar kuɗi, mai makarantar ta tsaya ta karanta ta, ta tambaye ni me na koya, na bata labarin karan dawa.

Sauran wuraren da na leƙa ba zan ja ba. Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 yana da darussa bisa manhajarmu har da na Hausa, na fi amfani da shi wurin ganin yadda wani ya gabatar da darasin da zan shiga gobe. African Storybook akwai ƙananan littattafan labari da Hausa kyauta, malamar aji biyu ta fi ni cin moriyarsa. PhET na jami'ar Colorado ta Amurka yana da wasannin firakshin masu kyau da ake saukewa a yi ba intanet, amma waya ɗaya a gaban yara tamanin sai dai a yi ta ture-ture, ni na bar shi ga 'ya'yana a gida. Masu koyar da turanci kuma su duba TeachingEnglish na British Council, suna buɗe kwasa-kwasai kyauta lokaci-lokaci.

Yanzu mu huɗu ne a makarantar muke yi tare, mun mayar da shi ranar Alhamis bayan an tashi, minti arba'in a ofishin HM. Dalili kuwa matan cikinmu ne suka ce su karatun dare ba zai yiwu musu ba, ga girki ga yara, ɗaya ma wayar ba tata bace ta maigidan ce sai ya dawo. To sai mutum ɗaya ya sauke PDF ya tura wa sauran ta Xender ba ko sisin data, mu karanta sashe guda, wanda ya fi jin turancin ya fassara da Hausa, mu yi gardama kan ko zai yiwu a ajinmu ko ba zai yiwu ba, kowa ya zaɓi abu ɗaya da zai gwada kafin wata Alhamis ɗin. Malamar aji biyu ta ce ita ba ruwanta da bajo, ba za ta bi shafuka tana dannawa ba, a bata PDF ɗin karatun kawai. Malamin Arabiyya kuma shi ya dage sai ya samu tasa takardar shaidar, satin nan muka buɗe masa sabon imel don tsohon ya bi mai shagon waya Legas.